Maɓallin F12: Dalilin da ya sa akawu da sakatare a Khartoum da Omdurman ke buƙatar leƙa bayan shafin intanet

A ofisoshi da shaguna da dama da suka sake buɗewa a Khartoum da Omdurman, aikin da a da ake yi da takarda da hatimi ya koma kan allo. Kuɗi ta waya suke shigowa, rajistar marasa lafiya da ta masu karɓar tallafi a fom ɗin intanet ake cike ta, rasit kuma hotonsa ake turowa ta WhatsApp. Mutumin da ke zaune gaban allon galibi bai taɓa karanta ilimin kwamfuta ba. Akawu ne, ko sakatariya, ko mai kula da sito, ko malamin makarantar da aka ɗora wa shigar da sakamakon jarrabawa. Idan shafi ya ƙi buɗewa, ko wani ya nuna masa shaidar biyan kuɗi ta bogi ya tafi da kaya, shi za a tuhuma.

A cikin kowace burauza ta kwamfuta, Chrome ce ko Firefox ko Edge, akwai wani akwatin kayan aiki da ke buɗewa idan aka danna maɓallin F12. Don masu gina shafukan intanet aka yi shi, shi ya sa sauran ma'aikata ke gudunsa, wasu ma idan ya buɗe bisa kuskure sai su ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Alhali kuwa abubuwa huɗu ko biyar da ke cikinsa sun isa su raba ma'aikaci da zamba, da asarar data, da ɓata yini guda yana jiran mai gyara.

Birnin da harkarsa ta koma kan allo

Hausawa sun daɗe a Sudan. Da yawansu jikokin mahajjata ne da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka zauna a hanya, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile. A babban birnin ƙasar, ana samun su a kasuwanci da sana'o'in hannu da koyarwa da aikin ofis, kuma abin da ya sami maƙwabtansu su ma ya same su.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. An wawashe rassan bankuna a Khartoum, takardar kuɗi ta yi wuyar samu, sai jama'a suka raja'a kan Bankak, manhajar Bankin Khartoum. Da ita 'yan uwa da ke Saudiyya da Masar da Port Sudan suke aiko da kuɗin cefane, da ita kuma 'yan sa-kai na Ɗakunan Agajin Gaggawa suke karɓar gudummawar da ke riƙe da takaya, wato wuraren dafa abincin unguwa. Lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a watan Fabrairun 2024, takaya da dama sun dakatar da girki, domin kuɗin ba su da hanyar isowa. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wuraren da aka kafa na'urar Starlink.

A watan Disambar 2024 Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da 1,000, inda aka buƙaci mutane su zuba tsofaffin takardun a asusun banki. Wannan ya ƙara tura jama'a ga biya ta waya. Bayan da sojoji suka karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris na 2025, mutane suka fara komawa gida, kuma hukumar IOM ta ce fiye da mutum miliyan 1 sun koma Khartoum a cikin shekarar. Sun tarar da ofisoshin da aka kwashe kwamfutocinsu, takardun ajiya sun ƙone ko sun watse, ƙwararrun ma'aikatan fasaha da yawa kuma suna Alƙahira ko ƙasashen Gulf. Ofishin da a da yake da mai kula da kwamfutoci a ɗaki na gaba, yanzu sai ya aika masa saƙo ya jira amsa daga wata ƙasa.

Mene ne wannan akwatin kayan aiki?

Idan mutum ya buɗe shafi, burauzarsa tana aika buƙata zuwa wata babbar kwamfuta da ke nesa, wadda ake kira saba. Sabar tana maido da fayiloli iri uku: HTML mai ɗauke da rubutu da tsarin shafin, CSS mai kula da launi da ado, da JavaScript mai sa maɓallai su yi aiki. Burauzar ce ke haɗa su ta zana abin da ido ke gani. Abin lura shi ne, da zarar fayilolin sun iso, kwafinsu yana hannun mai kwamfutar. Akwatin kayan aikin taga ce da ke nuna wannan kwafin, da duk wata magana da ke gudana tsakanin burauza da saba.

Abin ya samo asali ne tun 2006, lokacin da Joe Hewitt ya fitar da Firebug don Firefox, masu gina Safari kuma suka fitar da nasu a shekarar. Yau kowace babbar burauza da nata take zuwa, kyauta, ba sai an sauke komai ba. A Chrome sunansa DevTools.

Hanyoyin buɗe shi uku ne: a danna F12, ko a haɗa Ctrl da Shift da I, ko a danna ɓangaren dama na maus a kan wani abu a shafin a zaɓi kalma ta ƙarshe a jerin. A burauzar Turanci kalmar ita ce Inspect, a ta Faransanci Inspecter, a ta Larabci kuma fahs. Daga cikin sassan da za su bayyana, huɗu ne suka shafi ma'aikacin ofis. Elements, wato Éléments a Faransanci, yana nuna ginin shafin. Console yana nuna kurakurai da jan rubutu. Network, wato Réseau, yana jera duk abin da aka aika da abin da aka karɓo. Application, wanda Firefox ke kira Storage ko Stockage, yana nuna abin da shafin ya ajiye a cikin kwamfutar.

Hoton allo ba shaida ba ne

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a kan allo gani kaɗai bai isa ba. Duk wanda ya buɗe sashen Elements zai iya danna kowane rubutu a shafi sau biyu ya sauya shi. Lambar 5,000 za ta koma 500,000, ranar jiya ta koma ta yau, sunan wani ya koma na wani, kuma adireshin da ke saman burauzar da tambarin bankin suna nan yadda suke. Aikin ba ya kai minti ɗaya. Sauyin yana kan kwafin da ke kwamfutar kaɗai, bai taɓa sabar bankin ba, kuma da an danna F5 don sabunta shafin komai zai koma yadda yake. Sai dai idan an riga an ɗauki hoton allon, hoton zai ci gaba da yawo da ƙaryar a cikinsa.

Da wannan dabarar 'yan damfara a ƙasashe da dama ke cutar mutane. Sukan shiga kwamfutar mutum daga nesa da sunan taimako, su sauya lambar da ke shafin bankinsa, su ce sun turo masa kuɗi fiye da kima bisa kuskure, su roƙe shi ya maido da rarar daga aljihunsa.

A Sudan, kafafen yaɗa labarai sun sha kawo rahoton saƙon Bankak na bogi da ake nuna wa 'yan kasuwa. Bankak manhajar waya ce, kuma masu wannan zamba da manhajojin jabu ko gyaran hoto suke amfani, F12 ba ya buɗe manhajar waya. Amma darasin ɗaya ne, kuma wanda ya taɓa sauya lamba a shafi da hannunsa ya fi kowa riƙe shi. A ɗauki misalin akawu a wani shagon sari a Suk Libya da ke yammacin Omdurman. Mai saye ya lodi buhunan sukari, ya miƙo waya mai nuna an tura kuɗi. Akawun da ya san yadda allo ke yin ƙarya zai duba asusun shagon a na'urar shagon, ya sabunta shi da kansa, ya ga kuɗin sun shiga, ya gwada lambar cinikin da wadda aka nuna masa, sannan ya bari mota ta tashi. 'Yan kasuwar Kano da Maradi da Garwa sun san irin wannan cuta da sunan alat na bogi, maganinta kuma ɗaya ne ko'ina.

Haka abin yake ga labarai. Ana iya buɗe shafin wata babbar kafar labarai, a sauya kanun labari, a ɗauki hoto, a watsa shi a zaurukan WhatsApp. Hausawan Sudan sun ɗanɗana illar kalaman ƙiyayya a shafukan sada zumunta lokacin rikicin jihar Blue Nile a 2022, inda ɗaruruwan mutane suka mutu tsakanin Yuli da Oktoba. Tun da aka fara yaƙin 2023 kuwa, masu bin diddigin labarai irin su Beam Reports suna fama da sanarwar jabu da ake jingina wa hukumomi. Ma'aikacin da aka turo wa hoton sanarwa kamata ya yi ya nemi adireshin shafin, ya buɗe da kansa, kafin ya tura wa kowa.

Sashen Elements yana kuma tona asirin mahaɗin yaudara. Rubutun da ke kan maɓalli zai iya cewa shafin ma'aikatar gwamnati ne, alhali adireshin da ke ƙarƙashinsa wani wuri ne daban. Idan aka duba maɓallin, za a ga kalmar href, abin da ke gabanta shi ne inda mahaɗin zai kai mutum. Shafukan hukumomin Sudan galibi da gov.sd suke ƙarewa. Alamar kwaɗon da ake gani kusa da adireshi kuwa tana nufin an ɓoye saƙon a hanya ne kawai, ba ta tabbatar da gaskiyar mai shafin. Saboda yawan rashin fahimtar da ake yi mata ne ma Chrome ya cire ta a 2023.

Gano inda matsalar take

Saƙon da masu gyara suka fi samu daga ofis shi ne "shafin ba ya aiki". Wannan bai gaya musu komai ba. Idan mai gyaran yana Alƙahira, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, tambaya da amsa kaɗai za su iya cinye kwana biyu.

Sashen Network ne ke rage wannan wahala. A buɗe shi, a sake gwada abin da ya ƙi yi, a nemi layin da ya yi ja. Kowane layi yana da lamba mai adadi uku da sabar ta maido. 200 na nufin komai lafiya. 401 na nufin sai an sake shiga da kalmar sirri. 403 na nufin sabar ta gane buƙatar amma ta hana. 404 na nufin babu abin da ake nema a wannan adireshin. 413 na nufin fayil ɗin da ake son turawa ya yi girma. 429 na nufin an yawaita gwadawa, a dakata. Lambobin da suka fara da 5, irin su 500 da 502 da 503 da 504, suna nuna matsalar daga ɓangaren sabar take. Idan kuwa babu lamba sam, sai kalmar da ke nuna buƙatar ta gaza, to saƙon bai ma isa ba, sai a duba layin intanet.

Kowace lamba da matakin da ya dace da ita. Sakatariyar makarantar da ke loda hoton takardar shaidar ɗalibi don neman gurbin jami'a, idan ta ga 413, rage girman hoton za ta yi, ba sai ta kira kowa ba. Ma'aikacin asibitin da ya ga 503 ya san sayen ƙarin data ko kashe kwamfuta a kunna ba zai amfane shi ba, sai ya koma rajistar takarda ya sanar da masu shafin. Lambar 403 kuma tana da tarihi a Sudan. Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi a 1997, ta ɗage shi a Oktoban 2017, ta kuma cire ta daga jerin ƙasashen da take zargi da tallafa wa ta'addanci a Disambar 2020. Tsawon waɗannan shekaru kamfanonin fasaha da yawa sun toshe masu shiga daga Sudan, wasu ma ba su buɗe nan da nan ba bayan ɗage takunkumin. Ma'aikacin da ya san haka ba zai ɓata yini yana zargin kwamfutarsa ba.

Wata matsalar ta fi damun waɗanda ke rayuwa tsakanin ƙasashe. Lambar wayar Sudan adadi 9 ce bayan +249, ta Nijar 8 bayan +227, ta Najeriya 10 bayan +234. Fom ɗin da aka gina don ƙasa ɗaya zai iya ƙin karɓar lambar ɗan uwan da ke Damagaram ba tare da ya faɗi dalili ba. Idan aka duba gurbin lambar a Elements, sau da yawa za a ga maxlength ko pattern, wato ƙa'idar da aka gindaya masa. Haka sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, ko é na Faransanci, kan koma wasu baƙaƙe marasa ma'ana idan tsarin bai karanta rubutun da UTF-8 ba. Ma'aikacin da ya rubuta wa mai gyara cewa "gurbin lambar waya adadi 9 kawai yake karɓa, muna da masu lambar Nijar" ya gama masa rabin aikin.

Rahoto mai amfani abu biyar yake ɗauka: adireshin shafin, lokacin da abin ya faru, abin da aka danna, lambar da ta fito a Network, da hoton jan rubutun da ke Console.

Inda data ke tafiya

A ƙasan sashen Network akwai layin da ke nuna yawan fayilolin da shafi ya sauko da su da nauyinsu gaba ɗaya. Ga ofishin da ke sayen data da kuɗinsa, ko yake biyan awa a wurin mai Starlink, wannan layin lissafin kuɗi ne. A ce shafin rajista yana jan megabait 5 duk lokacin da aka buɗe shi, ana kuma buɗe shi sau 40 a yini. Megabait 200 ke nan kullum, fiye da gigabait 5 a kwanakin aiki 26, a kwamfuta ɗaya. Idan aka jera fayilolin bisa girma, sau da yawa hoto ɗaya ko biyu da aka loda ba tare da an rage su ba ne ke cinye mafi yawa, ko bidiyon da ke kunna kansa.

Wannan ya fi shafar jami'an yaɗa labarai na ƙungiyoyi da makarantu, waɗanda su ke loda hotuna da sanarwa. Akwatin yana da maɓallin da ke nuna yadda shafi zai fito a ƙaramar waya, ana buɗe shi da Ctrl da Shift da M, akwai kuma zaɓin rage saurin intanet da gangan don a ga abin da mai rauni sabis ke gani. Jami'in da ke zaune a ofis mai intanet mai ƙarfi zai iya ganin yadda sanarwar rabon abinci ke buɗewa ga matar da ke Ombada da tsohuwar waya. Idan sai ta jira minti biyu, da wuya ta karanta.

Kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa

Inda aka sace kwamfutoci, wadda ta rage kowa da ita yake aiki. A nan akwai abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya gani da idonsa sau ɗaya. Ɗige-ɗigen da ke rufe kalmar sirri a gurbin shiga ado ne kawai. Idan burauza ta cike gurbin da kalmar da aka ajiye, duk wanda ya zauna a kujerar zai iya sauya kalma ɗaya a Elements ya karanta ta a fili. Saboda haka ba a barin burauzar ofis ko ta shagon intanet ta ajiye kalmar sirri.

Sashen Application yana nuna kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa don ya tuna cewa mutum ya riga ya shiga. Wanda ya mallaki wannan bayanin kamar ya riƙe makullin ɗaki ne, ba ya buƙatar kalmar sirri. Rufe tagar burauza ba lallai ya goge shi ba. Abin da ke soke shi shi ne danna maɓallin fita daga asusun.

Akwai kuma inda gogewar ce ke jawo asara. Ƙungiyoyin agaji da yawa suna tattara bayanai da KoboToolbox, wanda fom ɗinsa na burauza ke aiki ko babu intanet. Bayanan da aka cike suna zama a ma'ajiyar burauzar har sai sabis ya dawo an tura su. Ma'aikacin da ya yi rajistar iyalai 60, shafin ya yi nauyi, wani ya ba shi shawarar ya goge duk bayanan burauza, zai iya shafe aikin yinin gaba ɗaya, iyalan kuma su rasa sunansu a jerin. Wanda ya san inda bayanan suke kwana ba zai goge komai ba sai ya tabbatar layin jiran turawa ya koma sifili.

Haɗari da iyaka

Masu ofis kan ji tsoron cewa koya wa ma'aikata wannan tamkar koya musu zamba ne. Amsar ita ce 'yan damfara sun daɗe da saninsa, bidiyon koyar da shi sun cika YouTube, mai tsaron kanta ne kaɗai aka bari a duhu. Duk da haka akwai iyakoki uku da ya wajaba a koyar tare da shi.

Na farko, ba a liƙa wani rubutu a Console saboda wani ya ce a yi. Duk abin da aka liƙa a wurin yana aiki ne da ikon mai asusun, zai iya aika saƙo da sunansa ko ya kwashe bayanansa. Facebook ya daɗe yana sa gargaɗi da manyan jajayen baƙaƙe a wurin, Chrome kuma yana tilasta wa sabon mai amfani ya rubuta amincewarsa kafin ya bari a liƙa komai. Duk wanda ya turo rubutu ya ce zai buɗe asusun da aka rufe ko ya kawo data kyauta, ɓarawo ne.

Na biyu, a yi hattara da fayil ɗin HAR. Masu gyara kan nemi a adana duk abin da ke Network a turo musu, wannan fayil ɗin ke nan. A Oktoban 2023 kamfanin Okta na Amurka, mai kula da shigar ma'aikata asusun kamfanoni, ya sanar cewa masu kutse sun shiga sashensa na taimakon abokan hulɗa sun kwashi irin waɗannan fayiloli, suka yi amfani da makullan da ke ciki wajen kai hari ga kamfanoni irin su Cloudflare da 1Password. Sababbin nau'o'in Chrome suna cire kukis daga fayil ɗin, amma abin da aka cike a fom zai iya kasancewa a ciki. A garin da jerin sunaye da unguwanni zai iya jefa mutane cikin haɗari, irin wannan fayil ba na zauren WhatsApp ba ne.

Na uku, dubawa daban, taɓawa daban. A Oktoban 2021 ɗan jarida Josh Renaud na jaridar St. Louis Post-Dispatch ya gano cewa lambobin shaidar malaman makaranta fiye da 100,000 suna cikin HTML na wani shafin hukumar ilimi ta jihar Missouri a Amurka. Ya sanar da hukumar, jaridar ta jinkirta labarin har aka rufe ɓarakar. Duk da haka gwamnan jihar, Mike Parson, ya kira shi mai kutse ya nemi a gurfanar da shi, sai a Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ce ba zai shigar da tuhuma ba. Idan hakan ta faru da wanda ya duba kawai ya kuma kai rahoto, wanda ya sauya lamba a adireshi don ya leƙa bayanan wani, ko ya cire ƙa'idar fom don ya tura abin da aka hana, ya shiga wani hali daban. Sudan tana da dokar laifukan intanet ta 2018 wadda aka tsaurara a 2020, Nijar tana da ta 2019, Najeriya ta 2015. Ma'aikacin da ya ga ɓaraka ya rubuta wa shugabansa, ya ajiye kwafin saƙon, ya tsaya nan.

Ta ina za a fara?

Ba a buƙatar kwas ko takardar shaida. Awa ɗaya a ofis, da kwamfuta ɗaya da mutum biyar a kewaye da ita, ta isa a yi gwaji huɗu. A buɗe wani shafin labarai, kowa ya sauya kanun da hannunsa, a danna F5 a ga ya koma, ba tare da an ɗauki hoto ba. A rubuta adireshin da babu shi a ga 404 a Network. A duba nauyin shafin da ofishin ya fi amfani da shi, a lissafa abin da yake ci a wata. A ƙarshe a leƙa kukis kafin fita daga asusu da bayan fita.

Wasu ma'aikatu suna kulle F12 a kwamfutocinsu, kuma suna da ikon yin haka, sai a nemi izini maimakon a nemi hanyar zagayewa. Burauzar waya ba ta zuwa da cikakken akwatin, don haka wanda waya kaɗai gare shi zai koya ne a kwamfutar ofis ko ta makaranta, ya tafi da darasin.

Bayan horon, abin da ya rage shi ne ofishin ya mayar da darasin ƙa'ida a rubuce, a manna kusa da kwamfuta: ba a sakin kaya da hoton allo sai an ga kuɗi a asusu, ba a ajiye kalmar sirri a burauza, ba a goge bayanan burauza kafin a tura fom, ba a liƙa komai a Console, kuma duk rahoton matsala ya zo da lambarsa. Ƙa'idar da za ta yi aiki a Suk Omdurman ita ce za ta yi a kasuwar Maradi da zangon Kumasi, domin burauzar ɗaya ce.